Sa Mata Tara

Shafi na 14

Masu cika mini salula da "ina sauran?" tun da farar safiya, ku sassauta mini, wuta aka ɗauke mana. Kuma ina gaya muku tun yanzu, wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar jini ya tsallake shafin nan, kar ya zo yana zagina.

*

Nusaiba ba ta san inda ta yar da takalmanta ba. Gudu kawai take, hijabi na harɗe mata ƙafa, tun daga ƙofar gidansu har bakin tafkin Madarumfa inda masunta ke sauke kifi. Kafin ta ga taron ta ji ƙarar gora a jikin mutum, kuma ta san jikin wane ne.

"Ku bar shi! Don girman Allah ku bar shi!"

Ko waiwaye babu wanda ya yi. Ta kutsa cikin maza, wani ya maka mata gwiwar hannu a ƙirji, ta faɗi cikin ɓawon kifi da laka, ta tashi ta sake kutsawa.

Wayyo Allah, Ilyasu!

Yayanta ne durƙushe, an ɗaure hannayensa a turken da ake ɗaure jirage. Rigarsa ta zama tsumma. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe, jini na bin haɓarsa yana ɗiga a ƙasa. Yatsunsa biyu na dama sun karkace sun kalli inda yatsa ba ya kallo. Da yatsun nan yake shirin zuwa Yamai ya zauna egizame, wato jarrabawa.

A kansa Kabiru ne tsaye, ƙanen marigayiya Balaraba, gora a hannu, gumi na zuba. Gefen ƙafarsa tsohuwar taya ce da kwalbar isansi, wato fetur, irin ta bakin hanya. Nusaiba ta nufe shi.

"Kabiru, mi ya yi maka? Kai da shi kun ci tuwo kwano guda!"

"Mi ya yi mini?" Ya zaro salula daga aljihu. "Ku yi shiru! Ku bari ƙanwarsa ta ji da kunnenta!"

Ya ɗaga salular sama, ya danna. Muryar Ilyasu ta fito tar, har da 'yar dariyarsa:

"Al'amin, ka ji ko? Gobe da sahe da uwar za mu fara. In ka kashe uwar, ɗiyan ba su mutuwa, marayu suke zama. In ka yi mata magana ta ƙi, kar ka tsaya lallashi, ka sa mata tara."

Wurin ya ɗauki salati.

"La'ilaha illallahu!"

"Har dariya yake, la'ananne!"

"Su tara suka tare motar, direba ya hwaɗi! Su tara cif!"

"Shi ke kai musu labari! A ƙone shi!"

Nusaiba ta dafe kai. Kowace kalma da ke cikin bokal ɗin nan, saƙon muryar da aka kunna, ta santa, don daga bakinta ta fito.

Tun damina ita da Ilyasu suke karatun Linuks a shagonsa na fotokofi, tsarin nan na ordinatar, wato kwamfuta, da kowa ke iya buɗe cikinsa ya gani, wanda manyan na'urorin ma'aikatu ke tafiya da shi. Takardar shaidarsa suke nema. A cikin darasin akwai aiki mai haifar wasu ayyuka. Littafin Faransanci uba ya kira shi, ita ce ta kwashe da dariya ta ce, a ina aka taɓa ganin uba ya haihu? Uwa ce. Kalmar ta bi bakinsu. Ilyasu ya yi bokal don abokin karatunsu Al'amin da ke Maraɗi, hannu ya kuskure ya jefa shi zauren matasan unguwa na salula. Washegari 'yan bindiga suka tare motar da ke zuwa garin Ɗan Issa, Balaraba mai soya kifi ta ƙi sauka, suka harbe ta a kujerarta. Ta bar yara reras.

To ku gaya mini, jama'a, wa zai saurari bayani?

"Karatu ne!" ta ɗaga murya. "Wallahi tallahi karatu ne! Ba mutum ake nuhi ba!"

Tas!

Marin Kabiru ya sa ta ga walƙiya. Ta ji gishirin jini a bakinta.

Ilyasu ya ɗago kai da ƙyar. "Nusaiba... tahi gida. Tahi wurin Inna."

"Ba inda za ni, Yaya."

Kabiru ya juya ya sauke masa gora a kafaɗa. Wani abu ya yi ƙas. Ilyasu bai yi ihu ba, numfashi kawai ya ja, goshinsa ya daki turken.

"Wa ya ba ka izinin magana? Sunayensu nike so! Su wane ne taran?"

Gora ta sake sauka. Ta sake.

Nusaiba ta waiga tana neman fuska guda mai tausayi, ba ta samu ba. Mutanen da ke zuwa shago a buga musu takardar haihuwa kyauta, yau su ne ke riƙe da duwatsu. Can idonta ya faɗa kan Ɗan Azumi.

Mijin Balaraba ne, masunci, dattijo mai ƙarancin magana. Yana zaune kan akwatin kifi, adda kwance a cinyarsa. Tun da aka binne matarsa ba a ji ya yi kuka ba, kuma yanzu ma bai ɗaga hannu ya daki kowa ba. Kallo kawai yake. Nusaiba ta gane cewa duk hayaniyar nan shi ake jira ya ɗaga kai.

Ta rarrafa ta zube gabansa, ta kama ƙafarsa.

"Baba."

Ya dube ta.

"Ɗiyar Mahaman. Da ubanki muka koyi sana'ar su a tafkin ga. Don darajar kabarinsa, tashi ki tahi. Abin da za a yi nan ba na idon mace ba ne."

"Baba, ka ji ni magana guda."

"Na ji maganar yayanki. Ta ishe ni."

"Ba Iya Balaraba yake nuhi ba. Uwar cikin ordinatar ce. Darasi ne ake tambaya a egizame."

Ya yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo.

"Wane karatu ne wanga da ake kashe uwa a cikinsa? Lakwal ɗin da kuka yi, abin da aka koya muku ke nan?"

"Aiki ne ke haihwar aiki, Baba. Shi ne muke ce ma uwa. Taran kuma lamba ce, ba mutane ba."

"Ƙarya take!" in ji Kabiru. "Mun buɗe akwatin nasa a shago. Allo baƙi ƙirin, ba hoto, ba komi, sai rubutu na gudu. Ni ma na yi kolej, na san ordinatar. Mai gaskiya bai aiki da irin wannan!"

"Tana ina?" Nusaiba ta juyo da sauri. "Tana hannunku? Ku ba ni ita! Baba, ka sa su ba ni, in nuna maka da idonka. In ƙarya nike, ku haɗa ni da shi."

"Nusaiba, a'a..." Muryar Ilyasu ce, da ƙyar take fita.

Ɗan Azumi ya shafa bakin addarsa da babban yatsa. Wurin ya yi tsit, har ana jin ruwa na dukan gindin jirage.

"Ku kawo mata."

Wani ya miƙo ordinatar, murfinta ya tsage a kusurwa.

"Ki saurare ni da kyau," in ji dattijon. "Ki nuna mini uwar. Ki nuna mini ɗiyan. Ki nuna mini taran. In guda ta ɓace a ciki, ba ni hana Kabiru abin da ya yi niyya."

Kabiru bai jira an ƙara ba. Ya ɗauki tayar ya zura wa Ilyasu a wuya, ya cire murfin kwalba da haƙori, ya tuttula masa tun daga ka. Isansin ya shiga raunukan. A nan ne Ilyasu ya yi ihu, ihun da Nusaiba ba ta taɓa jin ya fito daga bakin namiji ba. Wari ya cika wurin, na gaba-gaba suka ja da baya.

Kabiru ya fito da ashana ya riƙe.

"Bismillah, malama. Muna kallo."

Ta zauna dirshan a ƙasa, ta ɗora ordinatar a cinya, ta kunna. Allah Ya taimake ta akwai sauran batir. Ta shigar da kalmar sirri, baƙin allon ya buɗe, ɗan farin layi na ƙyaftawa yana jiran umarni.

Sai a lokacin ta tuna.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Uwar da suka yi gwaji da ita ran nan tana da suna, kuma ita Nusaiba ce ta raɗa mata. Balaraba a ƙofar shagonsu take suyar kifi, yara na zagaye da ita, wannan na goye, wannan na jan zane. Da Nusaiba ta rubuta ɗan aikin nan mai haihuwa ba ƙaƙƙautawa, tsokana ta sa ta kira shi da sunanta. Har ta leƙa waje ta gaya mata. Balaraba ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a gaya wa takwararta ta cikin akwati ta huta haka nan, kifi ya yi tsada.

Mai ba da shaidar wasan nan guda ce tal, kuma tana kabari.

Shi ya sa Ilyasu ya ce a'a. Ta ɗago ta dube shi. Da idon nan guda da ya rage masa yake roƙonta.

"Mi kike jira?" Kabiru ya daka mata tsawa.

"Ba komi. Yanzu."

Ba za ta taɓa tsohon ba. Sabo za ta rubuta, layi kaɗan ne, ta haddace shi kamar Fatiha. Ta rubuta, ta kuskure, ta goge, ta sake. Ta sa masa suna gwaji. Ta tashe shi, ta kira hoton ayyukan da ke tafiya, suka jeru kamar reshen itace.

"Baba, matso ka gani."

Dattijon ya sauko daga kan akwatin, ya tsuguna kusa da ita, adda a hannu. Warin kifi da taba ke tashi daga rigarsa.

"Ka ga wanga layi na sama? Ita ce uwar. Waɗanga da suka rataya ƙarƙashinta, ɗiyanta ne. Ita ta haihe su yanzu a gabanka."

"Kabiru," in ji dattijon, "mi aka rubuta nan?"

Kabiru ya leƙo ba da son ransa ba. "Gwaji."

"Ci gaba."

"Yanzu zan yi mata magana da lalama, in ce ta tattara ta tsaya." Ta buga umarnin. "Ka gani? Tana nan, ta ƙi. Wani aikin haka yake da taurin kai, sai ya riƙe na'ura duka ya hana kowa aiki. Shi ne ake sa mishi tara. Ga ta nan, Baba, ka san lamba ai. Dubi."

Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Tara ce," ya ce a hankali.

Ta danna.

Ta sake kiran hoton. Layin sama ya ɓace. Ƙananan suna nan, sun koma sun rataya a wani wuri.

Wani daga baya ya ce, "Kai! Ta tahi!"

"Uwar ta mutu," in ji Nusaiba, hawaye na zuba kan maɓallan. "Ɗiyan ba su mutu ba. Su ne marayun. Wallahi Baba iyakar abin da Yaya ke gaya wa Al'amin ke nan. Ka kira shi Maraɗi ka tambaya. Ka kira mushen da ke koya mana."

Ɗan Azumi ya kafa wa ƙananan layukan ido.

"Su waɗanga," ya nuna da bakin adda, "wa ke riƙe da su yanzu?"

"Na ɗaya, Baba. Aikin da ke fara tashi in an kunna na'ura. Duk wanda uwarsa ta mutu, shi ke ɗaukarsa. Ba a barin maraya haka nan."

Allah sarki. Mutumin da ya sa matarsa a rami da hannunsa bai zubar da hawaye ba, sai ga shi yau a gaban baƙin allo hawaye na bin gemunsa.

"Ko a cikin akwati an yi musu tanadi," ya ce. "Ƙaramar tawa har yanzu ƙofa take kallo."

Duwatsu suka fara faɗuwa daga hannaye, ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho ya ce, "Jama'a, mu ji tsoron Allah. A kira jandarma su bincika, kar mu ɗauki alhakin rai." Wasu suka amsa da haka ne. Nusaiba ta ji iska ta shiga ƙirjinta karon farko tun da ta baro gida.

Kabiru kuwa kamar ya haɗiye garwashi.

"Yaya Ɗan Azumi, wasa take maka da hankali! Yanzu ta ƙirƙira shi a gabanka! Jinin 'yar'uwata zai tahi a banza saboda zanen yara?"

"Yi mini shiru."

"Wallahi ba ni..."

"Na ce ka yi mini shiru!" Dattijon ya share fuska da hannun riga, ya juyo ga Nusaiba. Muryarsa ta sauko. "Ɗiyata, idona bai kama da kyau ba da farko. Sake yi mini sau guda, tun daga haihuwar. In na gani, da hannuna zan cire mishi tayar."

"To, Baba. To."

Ta dubi Ilyasu, ta yi masa ɗan murmushi cikin hawaye. An gama, Yaya.

Duk wanda ya yi karatun nan ya san ba a sake rubuta umarnin da aka riga aka buga. Kibiyar sama ake dannawa, na'ura ta dawo maka da abin da ka rubuta a baya, ɗaya bayan ɗaya. Ilyasu ne ya koya mata, har yana ranƙwashinta in ya ga tana wahalar da kanta. Ta yi ta yi har ya zama yatsanta ke yi ba da saninta ba.

Yatsan ya tafi kan kibiyar.

Da ma hannun rawa yake, ga jiƙon hawaye. Ta danna, yatsan bai ɗago da wuri ba. Umarnan suka yi ta wucewa da gudu, na yau suka ƙare, na ran nan suka shigo. Ta fizge hannunta.

Allon ya tsaya a kan layi guda.

pkill -9 balaraba

Ta kai hannu za ta goge. Hannun Ɗan Azumi ya riga ta, ya damƙe wuyan hannunta har ta ji ƙashin na shirin fashewa.

Mutumin nan bai taɓa shiga lakwal ba. Ko sunansa bai iya rubutawa ba. Amma akwai kalma guda a duniya da ya san kamanninta a boko, don shekarar da ya sayi jirginsa ya biya mai fenti ya rubuta masa ita a goshin jirgin, kullum da asuba ita yake fara gani kafin ya jefa koma.

Ya ɗora yatsa a kan allon. Ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya.

"Kabiru."

"Na'am."

"Karanta mini wanga. Da ƙarfi."

Kabiru ya sunkuya. Ya ɗago. Fuskarsa ta canja gaba ɗaya.

"Tara," ya ce. "Balaraba."

Ihun da ya tashi a bakin tafkin nan sai da tsuntsaye suka watse daga kan ruwa. Waɗanda suka yar da duwatsu suka sunkuya suna ɗauka. Tsohon da ya yi maganar jandarma aka ture shi ya faɗi. Dutse na farko ya sami Ilyasu a kunne.

"Baba, wasa ne! Ita ma ta sani! Na gaya mata, ta yi dariya! Wallahi ta yi dariya!"

"Ta yi dariya," ya maimaita. Hawayen sun bushe ƙaf. "Kin sa ni kuka gaban mutane, ɗiyar Mahaman. Na ce miki ɗiyata."

"Baba, ka ji ni..."

"Tambaya guda zan yi, kuma sau guda." Ya miƙe tsaye, bai saki hannunta ba, ordinatar ta zame ta faɗi cikin laka. "Wa ya rubuta sunan matata a nan?"

Nusaiba ta buɗe baki.

"Ni ne."

Daga turken muryar ta fito. Ilyasu ya ɗago kai, isansi da jini na ɗiga daga gashinsa, ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya faɗa yadda kowa zai ji.

"Ni na rubuta, Baba. Ordinatar tawa ce. Yarinyar ga ba ta san komi ba, ku sake ta."

"Ƙarya yake! Yaya, kar ka yi mini haka! Ƙarya yake!"

Ɗan Azumi ya saki hannunta. Ya juya ya dubi Kabiru, ya ɗaga kai sau guda.

Ƙyas!

"Ni ce!" Ta zabura ta yi kansu, maza biyu suka riƙe ta, tana fizga tana cizo. "Ni na rubuta! Ni na sa sunan! Ni ce!"

Amma ashanar ta riga ta bar hannun Kabiru.